Yadda Ake Tafiyar da Yini Guda a Yawon Buɗe Ido na Keke Tare da Ayari a Ƙasar Waje

Wanda ya biya kuɗin yawon buɗe ido a kan keke tare da ayari, abin da ya saya shi ne hutun tunani: wani ne zai zaɓi hanya, wani ne zai kwashe jakunkuna daga otal zuwa otal, wani ne kuma zai gyara keke idan ya lalace. Abin da babu kamfanin da zai iya sayar masa shi ne ƙafafun da za su murza feda daga hantsi zuwa la'asar, da dabarar raba ƙarfin jiki a kan tsawon yinin. Yawancin waɗanda yini ke ɓaci musu a irin wannan tafiya ba rashin ƙarfi ne ke kayar da su ba. Ƙananan abubuwa ne da suka raina tun da safe, kamar sirdin da bai zauna daidai ba, ko karin kumallon da aka tsakura, ko gudun da aka yi a sa'ar farko don kada a ce an bar su a baya.

Yinin gobe yana farawa ne daga daren yau. Jagora yakan tara mutane bayan abincin dare, ko da safe kafin a tashi, ya bayyana musu hanyar da za a bi. Mutane sukan kama adadin kilomita su saki sauran bayanin, alhali kuwa shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin abin da za a faɗa. Kilomita 60 a gefen Kogin Danube, inda hanyar keke ke bin ruwa kusan a shimfiɗe tun daga Passau ta Jamus har zuwa Viyana ta Ostiriya, tsawon kimanin kilomita 320, tafiya ce da mai matsakaicin ƙarfi zai yi yana hira. Kilomita 60 a duwatsun tsibirin Mallorca na Sifaniya kuwa wani al'amari ne daban. Don haka ka tambayi jimillar mita nawa za a hau a yinin, da lokacin da hawan zai zo, da safe ne ko bayan abincin rana, sannan ka tambayi inda za a fara samun ruwa. Idan an ce tudu kashi 7 cikin ɗari ne, ana nufin a duk mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama da mita 7. A baki abin kamar ba kome ba ne, amma hawan Sa Calobra da ke Mallorca, wanda tsawonsa kimanin kilomita 9.5 ne, a kan kusan wannan ma'aunin yake, kuma sai an gangara bakin teku tukuna sannan a hawo, domin titin da aka shiga da shi ne kaɗai titin fita. Wanda bai tambaya ba sai ya isa ƙasa zai gane abin da ya ɗauko wa kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kwanta ka sa wayarka a caji, haka ma batirin keke idan mai lantarki aka ba ka, ka ware tufafin gobe, ka kuma ɗaure babbar jakarka, domin galibi ana so a ajiye jakunkuna a wurin karɓar baƙi tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe don motar kaya ta wuce da su otal na gaba. Duk abin da ya shiga wannan jaka ba za ka sake ganinsa ba sai yamma. Saboda haka magungunan da kake sha, da rigar ruwa mara nauyi, da takardar inshora, da fasfo ko kwafinsa, da ɗan kuɗin ƙasar da kake ciki, duk su zauna a jikinka ko a ƙaramar jakar keke. Ka rubuta sunan otal ɗin da za a sauka da lambar jagora a takarda, domin waya tana mutuwa a daidai lokacin da aka fi bukatarta. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, kuma ana kiranta kyauta.

Karin kumallo a ci shi sosai, kuma a ba shi kamar sa'a guda ya kwanta kafin a hau keke. Burodi, da hatsin da aka dafa, da ƙwai, da 'ya'yan itace sun isa. Teburin otal yakan cika da abubuwan da ciki bai saba da su ba, kuma safiyar doguwar tafiya ba lokacin gwada su ba ne. Akwai kuma wata magana da mutane ke jin nauyin yi wa sabon shiga, ita ce wandon keke mai soso a ciki ana sa shi ne a kan fata kai tsaye, ba tare da kamfai ba, domin ɗinkin kamfai ne ke goge fata har ta yi rauni bayan sa'o'i a kan sirdi. Wanda ba ya son fita da matsattsen wando sai ya ɗora wani mai faɗi a kansa, muddin ƙafar wandon ba za ta shiga sarƙa ba.

Minti goma a tsakar otal

Keken da kamfani ya ba ka an duba shi, amma ba a auna shi da jikinka ba, kuma wannan aikinka ne. Ka zauna a kan sirdi, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi daidai, domin idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Sabbin mahaya sun fi son sirdi ya yi ƙasa don su riƙa taka ƙasa da ƙafa suna zaune, kuma wannan shi ne ke jawo ciwon gaban gwiwa a rana ta biyu ko ta uku. Idan aka samu tsayin da ya dace, ka roƙi mai gyara ya sa alama a jikin ƙarfen sirdin don kada a sake nema kullum.

Bayan haka ka matse birki ɗaya-ɗaya kana tura keken da hannu, ka tabbatar wanne ne ke riƙe tayar gaba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙasashe sun sha bamban a kansa: a Birtaniya birkin gaba yana hannun dama, a yawancin sauran ƙasashen Turai da Amurka kuwa yana hannun hagu. Hannu yana aiki ne da abin da ya saba, kuma wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangara yana zaton na baya ne zai iya tsallake kan keken ya faɗi ta fuska. Ka danna tayoyin da yatsa ka ji ƙarfinsu, ka ɗaga gaban keken ka sake shi a hankali ka ji ko wani abu yana kaɗawa, sannan ka zaga harabar otal sau ɗaya kana canza giya daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. Duk abin da bai yi maka ba ka faɗa nan take, tun akwatin kayan gyara yana buɗe.

Game da keke mai lantarki, irin wanda dokar Tarayyar Turai ke ɗauka a matsayin keke na yau da kullum ƙarfin injinsa ba ya wuce wat 250, yana taimakawa ne kawai idan ana murza feda, kuma taimakon yana yankewa idan gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Ya fi keke na yau da kullum nauyi nesa ba kusa ba, don haka tsayar da shi yana ɗaukar ƙarin tazara. Kada ka bar shi a kan matakin taimako mafi ƙarfi tun daga ƙofar otal, domin batirin da ya ƙare a gindin tudun ƙarshe yana mayar da keken ya zama kaya. Wanda yake tunanin zuwa da nasa daga gida ya sani cewa jiragen fasinja ba sa ɗaukar batirin litiyam da ya wuce wat-awa 160 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), kuma batiran kekuna sun zarce haka da yawa, shi ya sa haya a can ta fi sauƙi.

A kan hanya

Tsarin da aka fi sani shi ne jagora ɗaya a gaba, wani a can baya wanda ba ya wuce kowa, sai motar rakiya da ke haɗuwa da ayari a wuraren da aka tsayar. Wasu kamfanoni suna da jagora ɗaya ne kawai, sai su yi wata dabara a mararraba: mutumin da ke bin bayan jagora ya tsaya a kan kwanar yana nuna hanya har sai na ƙarshe ya wuce, sannan ya bi sahu. Idan aka ɗora maka wannan aiki kada ka bar wurin don ka gaji da jira, domin tafiyarka ita ce ɓatan duk wanda ke baya. Kada kuma ka wuce jagora sai da izininsa.

Dokokin hanya na ƙasar da kake ciki ne, ba na inda ka fito ba. A Birtaniya, da Ireland, da Japan, da Ostireliya ana bin hannun hagu, kuma kuskure ya fi faruwa ne ba a tsakiyar tafiya ba, sai lokacin da aka tashi daga hutu, ko aka fito daga shataletale, hankali yana wani wuri. A Sifaniya hular kwano wajibi ce a hanyoyin da ke wajen gari, a Ostireliya da New Zealand wajibi ce kusan a ko'ina, a Faransa kuma tun 2017 an wajabta ta ga yara 'yan ƙasa da shekara 12, sannan tun 2015 an hana mahayin keke toshe kunne da abin sauraron waya. A Holan doka ba ta tilasta wa mai keke na yau da kullum sa hula ba, kuma za ka ga mutanen ƙasar da yawa kansu a buɗe. A ganina wannan ba hujja ba ce ga baƙo, wanda yake kan keken da bai saba da shi ba, a hanyar da bai sani ba, a tsakiyar mutanen da bai san yadda suke tuƙi ba.

Tafiya cikin ayari tana da ladubbanta, kuma duk sun taru ne a kan abu ɗaya, wato kada ka ba na bayanka mamaki. Wanda ke bin ka ba ya ganin abin da ke gabanka, bayanka kawai yake gani. Idan ka ga rami, ko tsakuwa, ko turken ƙarfe a tsakiyar hanyar keke, ka nuna shi da hannu ka kuma faɗa da murya. Idan za ka tsaya ka ɗaga hannu ka sanar kafin ka taɓa birki. Na baya kuma su ne ke sanar da zuwan mota. Jagora zai faɗi kalmomin da ayarin zai yi amfani da su, a riƙe su ko da ba a jin sauran yaren. Ka bar tazarar aƙalla tsawon keke guda tsakaninka da na gaba, kuma kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya, domin idan ya ɗan kauce suka gogu, kai ne za ka sha ƙasa, shi kuwa mai yiwuwa ko ji ba zai yi ba. Gaskiya ne cewa fakewa a bayan wani yana rage wahalar iska da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, amma wannan dabara ce ta waɗanda suka san hannun juna, ba ta baƙin da suka haɗu shekaranjiya ba. Masu son ɗaukar hoto su ne suka fi tsayawa ba zato. A kauce gefe tukuna, a sauke ƙafa, sannan a ciro waya. A cikin gari kuma a kiyayi ƙofofin motocin da aka ajiye a gefen titi, a kuma tsallaka layin dogon taragon cikin gari a miƙe, ba a karkace ba, don kada taya ta faɗa cikin ramin ƙarfen.

Sa'ar farko ita ce tarko. Jiki ya huta, iska tana da sanyi, kowa yana so ya nuna bai zo da wasa ba, sai a tashi da gudun da ba za a iya riƙe shi ba har yamma. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana: idan za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar jimla ba tare da haki ya katse ta ba, gudunka ya yi daidai. Lissafin ma yana kwantar da hankali, domin kilomita 55 a kan gudun kilomita 15 a sa'a bai kai sa'a huɗu na murza feda ba, kuma an shimfiɗa shi ne a kan yini guda. Sannu ba ta hana zuwa. Ka zaɓi giya mai sauƙi wadda ƙafa ke juyawa da sauri a kanta, maimakon mai nauyi da ake dannawa da ƙarfin cinya, domin ta farkon numfashi take ci, shi kuwa yana dawowa da wuri, ta biyun kuma tsoka da gwiwa take ci.

A ci kafin a ji yunwa, a sha kafin a ji ƙishi. Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yana iya ƙarewa bayan sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi, kuma idan ya ƙare ba ya sallama: ƙafafu su mutu, kai ya yi jiri, mutum ya fara jin haushin kowa ba dalili. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari daga abinci a kowace sa'a idan tafiyar ta yi tsawo, kuma ayaba ɗaya matsakaiciya tana ɗauke da kusan giram 25 na waɗannan. Ruwa kuwa a riƙa kurɓarsa kaɗan-kaɗan, kamar rabin lita ko fiye a sa'a gwargwadon zafi, a cika gora a duk inda aka tsaya ko da ba ta ƙare ba. Wanda ke zufa da yawa yana bukatar ɗan gishiri a abincinsa ko a ruwansa.

Idan aka zo tudu ayari yakan watse, kuma hakan ba laifi ba ne. Al'ada ita ce kowa ya hau da ƙarfinsa a haɗu a sama. Ka sauya giya tun kafin feda ta yi nauyi, kana ɗan sassauta ƙafa a lokacin sauyawar, domin sarƙa ba ta son a canza mata wuri tana ɗauke da kaya. Wanda ya fara isa sama ya tuna cewa na ƙarshe ma yana bukatar hutu, kada a tashi a daidai lokacin da ya iso yana haki. Gangara ce ta fi hawa haɗari, ko da yake ita aka fi ɗoki. A rage gudu kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba, a yi amfani da birki biyun tare, ana matsawa ana saki maimakon a riƙe su tun daga sama har ƙasa su yi zafi, a kuma ɗaga fedar da ke ɓangaren da ake juyawa don kada ta daki kwalta. A manyan duwatsu sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka wanda ya isa saman mashigin Stelvio na Italiya, mai tsayin sama da mita 2,700, jiƙe da zufa, sai ya sa riga kafin ya fara sauka, in ba haka ba yatsunsa za su sandare a kan birki.

Abincin rana a ci shi da sauƙi, domin cikin da ya cika maƙil ba ya son feda. Wannan hutu shi ne kuma lokacin da ake tuna cewa yawo aka zo, ba tsere ba. A kwarin Wachau na Ostiriya, tsakanin Melk da Krems, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, hanyar tana ratsa gonakin inabi ta wuce ta gindin kangon gidan sarauta na Dürnstein, inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a ƙarshen 1192. Wanda ya sunkuyar da kai yana ƙirga kilomita zai wuce duk wannan bai gani ba. Ka tambayi jagora ainihin lokacin tashi, ka dawo minti biyar kafin ya cika, domin mutum goma sha biyar suna jiran mutum ɗaya a rana abu ne da ake daɗewa ba a manta ba.

Idan taya ta yi faci, ka sanar da murya, ka rage gudu a hankali, ka fita daga kan hanya gaba ɗaya. Jagoran da ke can baya zai tsaya tare da kai. Idan kuma ka duba ba ka ga kowa gaba ba, ba ka ga kowa baya ba, ka tsaya a mararraba ta ƙarshe da ka tabbatar ayari ya bi, ka kira jagora, kada ka ci gaba da zato. A wasu wurare hanya da kanta tana taimakawa. Holan da Beljiyam suna da tsarin mararrabai masu lamba, wanda aka fara a yankin Limburg na Beljiyam a 1995, inda mahayi ke bin jerin lambobi daga wannan mahaɗa zuwa waccan. A hanyar Shimanami Kaido ta Japan kuma, mai tsawon kimanin kilomita 70 daga Onomichi zuwa Imabari, shuɗin layi ne aka ja a gefen titi. Duk da haka, faɗa wa jagora lambar mahaɗar da kake tsaye ya fi ka yi ƙoƙarin cim musu da kanka.

Sai maganar motar rakiya, wadda mutane da yawa ke kallo kamar abin kunya. Kuɗinta yana cikin abin da ka biya, kuma an tanade ta ne domin a shiga. Gajiyar tsoka ana iya daurewa da ita, amma ciwo mai suka a gwiwa, ko jiri, ko ciwon kai tare da tashin zuciya a cikin zafi, ko ciwon ƙirji, alamu ne na a sauka nan take a gaya wa jagora. Tafiyar ta kwana shida ce ko bakwai, kuma wanda ya yi taurin kai a kan kilomita 15 na ranar Talata yana iya rasa Laraba da Alhamis gaba ɗaya. Jagora ya fi son ya ji tun da wuri, lokacin da mota take kusa, da ya ji bayan ta yi nisa.

Da an isa otal, kafin ka nufi ɗaki ka gaya wa mai gyara duk abin da ka lura da shi a keken, ko ƙara ce a sarƙa, ko birkin da ya yi laushi, ko sirdin da ke sauka da kansa, domin da yamma yake da lokacin dubawa. Ka cire fitila da gora da batir, ka kulle keken a inda aka nuna. Ka tuɓe wandon keke da wuri, ka yi wanka, ka wanke wandon da sabulu, ka naɗe shi cikin tawul ka murɗe don ya tsotse ruwan, sannan ka shanya shi a inda iska ke shiga. Da haka yakan bushe kafin safiya. Ka ci wani abu cikin sa'ar farko bayan sauka ko da abincin dare yana tafe, ka ci gaba da shan ruwa har fitsari ya yi haske. Idan jagora ya tara mutane bayan abincin dare, ka zo da takardarka da alƙalami, ka rubuta sunan otal na gaba, da mita nawa za a hau, da inda ruwan farko yake.